Tarihin Motocin Bas Na Gwamnatin Legas, Daga Zarpas Zuwa BRT

Yau za mu waiwayi tarihin wani abu da kusan kowannenmu ke shiga amma ba kowa ya san asalinsa ba, wato dogayen motocin bas na gwamnatin Legas, waɗanda baki ya saba kira BRT ko da kuwa ba a kan layin BRT suke tafiya ba. Ɗan gwarin Mile 12, da mahaucin Oko-Oba, da mai shayin Obalende, da yaranmu masu zuwa makaranta, duk mun san shuɗin fentin nan. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, wannan ba shi ne karon farko da hukuma ta sa hannu a harkar bas a garin nan ba. Na huɗu ne ko na biyar, gwargwadon yadda mutum ya ƙirga. Kuma duk wanda ya bi labarin tun daga tushe zai ga cewa sayen mota bai taɓa gagarar Legas ba. Riƙe ta a kan titi shekara goma shi ne aikin.

Kafin mota, ƙaramin jirgin ƙasa ne ya fara jigilar mutane a cikin Ikko. An gama gadar Carter a 1901, shekara ɗaya bayan haka aka buɗe wani siririn layin dogo da ke tashi daga tashar Iddo ya haye gadar ya shiga tsibiri. Bai daɗe yana ɗaukar fasinja ba, daga baya aikinsa ya koma kwasar ƙazantar gari, har aka rufe shi gaba ɗaya a 1933. Kafin nan mota ta riga ta karɓe hanya. Cikin waɗanda suka fara sana'ar bas tun kafin 1920 akwai wata attajira, Charlotte Obasa, wadda ta raɗa wa kamfaninta suna Anfani. Kalmar nan tamu ce ta amfani, Yarabawa ma suna da ita a bakinsu da ma'ana ɗaya.

Amma wanda ya mamaye harkar shi ne wani Bature ɗan ƙasar Girka mai suna J.N. Zarpas, wanda kamfaninsa ya fara aiki a 1929. Kusan shekara talatin motocinsa ne bas ɗin gari. Tsofaffin da suka zo fataucin goro Agege, ko suka sauko daga jirgin Kano a Iddo a wancan zamani, motar Zarpas suka tarar. A 1958, shekara biyu kafin samun 'yancin kai, Majalisar Garin Legas ta saye kamfanin, ta mai da shi na hukuma da sunan Lagos Municipal Transport Service. Daga nan ne tarihin bas ɗin gwamnati ya soma.

Sunan ya yi ta canjawa. Ya zama Lagos City Transport Service, sannan bayan an ƙirƙiro Jihar Legas a 1967, gwamnatin jiha ta karɓe shi a shekarun 1970 ya koma Lagos State Transport Corporation, wato LSTC. Suna yana canjawa, ciwon yana nan. Garin yana faɗaɗa da gudun da kamfanin ba zai iya kamowa ba. Mushin, Oshodi, Ajegunle, Agege, Ketu, duk sun cika sun batse, alhali motocin hukuma 'yan ɗaruruwa ne, kuma a kowace safiya wani kaso nasu yana kwance a gareji yana jiran kayan gyara.

Giɓin da aka bari masu zaman kansu ne suka cike shi. Da farko akwai bolekaja, babbar mota mai bodin katako da benci a ciki da ƙofa ɗaya tal. Ma'anar sunan da Yarabanci ita ce sauko mu yi faɗa, domin matsin da ke ciki bai bar wa mutum wurin ɗaga hannu ba, sai an sauka ƙasa ake raba raini. Bayanta molue ta zo, wadda ake ƙera wa bodi a nan gida a kan ƙashin manyan motocin ɗaukar kaya irin su Bedford da Marsandi 911. Wanda bai shiga molue ba a shekarun 1980 bai san Legas ta da ba: na tsaye sun fi na zaune, mai tallar magani yana wa'azinsa, kwandasta yana lilo a bakin ƙofa, mota ba ta gama tsayawa ba ake dira. Sai kuma danfo, wadda ta samo asali daga ƙaramar bas ta Volkswagen, mai launin ɗorawa da baƙin zane, wadda har gobe ita ce sarauniyar titi.

Gwamna Lateef Jakande, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983, ya gane cewa titi kaɗai ba zai ɗauki garin ba. Ya sa jiragen ruwa na fasinja, ya kuma aza harsashin jirgin ƙasa na cikin gari a 1983. Sojoji suka yi juyin mulki a ƙarshen wannan shekarar, a 1985 kuma gwamnatin soja ta Janar Buhari ta soke aikin. Ko me mutum zai ce game da halin da baitulmali ke ciki a lokacin, Legas ta yi shekara talatin da takwas tana jira kafin ta ga jirgin cikin gari ya fara ɗaukar fasinja.

Abin da ya ƙarasa LSTC shi ne faɗuwar naira. A 1985 naira ɗaya ta ɗan fi dala ɗaya daraja. Da aka shigo da shirin SAP a 1986 sai ta fara gangara, zuwa 1993 dala ɗaya ta kai kusan naira 22 a farashin hukuma. To mota daga waje take, taya daga waje, injin da giya da birki duk daga waje, amma kuɗin da fasinja ke biya naira ce, kuma gwamnati ce ke yanke shi, ba ta kuma son ƙarawa don gudun fushin jama'a. Idan mota biyu suka lalace sai a kwance ɗaya a ta da ɗaya. Haka aka yi ta cin jiki har garejin ya koma maƙabartar motoci. Gwamnatin Babangida ta ɓullo da shirin sufurin jama'a na tarayya a 1988 ta rarraba motoci, su ma suka bi sawun na baya. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 kamfanin suna ne kawai a takarda. Mu riƙe wannan lissafi na naira da dala, domin zai sake dawowa.

Cikin waɗannan shekaru titin Legas ya koma hannun masu molue da danfo da ƙungiyar direbobi ta NURTW, wadda 'yan kamashonta ke karɓar kuɗi a kowace tasha. A nan ne kuma acaɓa ta samu gindin zama, sana'ar da daga baya dubban matasanmu suka shigo Legas dominta.

Sabon babi ya buɗe ne zamanin Gwamna Bola Tinubu. A 2002 aka sa hannu a dokar kafa hukumar LAMATA, da tallafin rancen Bankin Duniya, aka ɗora mata alhakin tsara sufurin birnin baki ɗaya. Shugabanta na farko shi ne Dayo Mobereola. A 2007 kuma aka ƙaddamar da kamfanin LAGBUS mai jajayen motoci. Tsarinsa ya bambanta da na LSTC, domin an kafa shi ne ya mallaki motoci da gareji, yana gudanar da wasu da kansa yana ba da wasu haya ga 'yan kasuwa su yi aiki da su a kan hanyoyin da aka ware.

Amma masu tsarin sun fahimci wani abu da na baya suka kasa ganewa. Sabuwar mota a cikin cunkoson titin Ikorodu ba ta fi tsohuwar molue sauri ba. Idan bas ta yi sawu uku a yini maimakon takwas, ba za ta taɓa mai da kuɗinta ba. Maganin shi ne a ware mata nata layin. Dabarar ba a Legas aka ƙirƙiro ta ba, birnin Curitiba na Brazil ya fara ta tun 1974, Bogota ta Kolombiya ta shahara da ita daga shekarar 2000. Sai dai Legas ta yi nata mai sauƙin kuɗi. Maimakon a rushe titi a sake gini, sai aka jera dogayen tubalan kankare aka killace layi ɗaya a kowane hannu. Kimanin kashi 65 cikin ɗari na hanyar aka killace haka, kashi 20 fenti kawai aka shata, sauran kuma bas ɗin na cakuɗa da kowa. Kowace kilomita ta ci kimanin dala miliyan 1.7, kuɗin da bai kai rabin na irin wannan aiki a wasu ƙasashe ba.

Ranar 17 ga Maris 2008 Gwamna Babatunde Fashola ya buɗe layin, kilomita 22 daga Mile 12 zuwa CMS. Ya bi ta Ketu, Ojota, Maryland, Anthony, Palmgrove, Onipanu, Fadeyi, ya ratsa Surulere ta gaban filin wasa, ya haye gadar Eko ya sauka Marina. Shi ne irinsa na farko a Afirka kudu da Sahara, ya riga na Johannesburg da shekara guda. Kuma ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu cewa bakin layin yana ƙofar kasuwar da tumatir da albasa da tattasan Arewa ke sauka.

Wurin da ya fi ban sha'awa a labarin nan shi ne yadda aka yi da 'yan ƙungiya. Kowa ya san cewa da an kawo wani kamfani daga waje an ce ga titin Ikorodu, da motocin ba su kwana bakwai da gilashi ba. Sai LAMATA ta jawo NURTW ciki. Aka kai shugabanninta ƙasashen Kudancin Amurka suka gani da idonsu, aka sa su kafa ƙungiyar haɗin gwiwa mai suna First BRT Cooperative, bankin Ecobank ya ba su rancen sayen motoci 100 ƙirar Ashok Leyland ta Indiya, aka yi musu shuɗin fenti. Bankin bai yarda da labarin a kawo kuɗi da yamma ba. Cinikin tikiti yana shiga asusu ne kai tsaye, a cire bashin banki tukuna kafin kowa ya taɓa. LAGBUS ya ƙara wasu motoci 120, jimla ta zama 220. An horar da direbobin da suka fito daga molue da danfo, aka sa musu yunifom, aka daina ce musu direba aka koma kiransu da laƙabin matuƙin jirgin sama, don dai su ji cewa aikin ya canja. A lokacin motoci kan fara aiki ƙarfe shida na safe su tashi ƙarfe goma na dare, kullum har Lahadi.

Jama'a suka karɓa fiye da yadda aka zata. Cikin ɗan lokaci ana ɗaukar fasinja kusan 200,000 a rana. Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne ganin 'yan Legas sun yi layi suna jiran mota ba turereniya. A wajen mutanenmu kuwa akwai wani alheri da ba a cika faɗa ba. A danfo, kuɗin mota yana bin hadari da yawan jama'a da kuma kallon da kwandasta ya yi maka. Wanda ya sauka jiya daga Sakkwato ko Gaidam, ba Yarabanci ba Turancin buroka, ya san yadda ake ƙarewa da shi wajen canji. Tikitin BRT na wancan lokaci kuwa farashinsa a rubuce yake, ka saya a tasha kafin ka hau, babu ciniki babu gardama. Mata da tsofaffi sun fi kowa sanin darajar wannan.

Tsare layin shi kansa yaƙi ne. Doka ta hana kowace mota shiga, jami'an LASTMA ke gadi, amma masu jiniya da masu kaki sun ɗauka dokar ba da su take ba. A Yulin 2012 Fashola da kansa ya tare wani kanar na soja yana tuƙi a kan layin, hotunan suka cika jaridu. A 2013 kuma aka hana molue haye gadojin shiga tsibiri, wanda shi ne farkon ƙarshenta.

To amma tsohon ciwo bai warke ba. Motocin da aka tsara su ɗauki wani adadi suna ɗaukar fiye da haka tun asuba har dare, kan titin da damina ke cinyewa. Kafin a shekara shida hayaƙi ya fara tashi, kujeru sun karye, ƙofofi ba sa rufuwa, mota ta mutu a tsakiyar layin da aka killace ta tare duk na bayanta. Masu gudanarwa sun iya karɓar kuɗi, ajiye na gyara da na sayen sabuwa ne ba su iya ba. Jajayen motocin LAGBUS su ma haka suka tsufa a hannun 'yan haya, domin wanda ya karɓi mota haya ba ya tausayinta.

A Nuwamban 2015 Gwamna Akinwunmi Ambode ya buɗe ƙarin layin daga Mile 12 zuwa garin Ikorodu, kilomita 13.5, wannan karon a tsakiyar titi da gadojin tsallakawa na masu ƙafa. Aka ba kamfanin Primero hanyar, ya zo da motoci 434 ƙirar Yutong ta ƙasar Sin, masu na'urar sanyaya iska, da babban gareji a Majidun. Ba a daɗe ba aka janye ƙungiyar direbobi daga layin, aka kuma kawar da jajayen motoci daga kansa. Sai dai Primero da bashin dala ya sayo motocinsa, kuma watanni kaɗan bayan haka, a Yunin 2016, aka saki naira ta fara faɗowa daga kusan 197, ba a jima ba ta wuce 300 a kan dala. Bashin ya kumbura ba tare da an ƙara mota ko ɗaya ba. Lissafin nan ne dai na 1986 ya dawo da sabuwar riga.

Ambode ya so ya kawar da danfo ɗungurungum, bai samu lokaci ba. Abin da ya bari shi ne tashoshi da kuma sabon kamfani. Shugaba Buhari ya buɗe tashar Ikeja a Maris 2018, ya dawo a Afrilun 2019 ya buɗe babbar tashar Oshodi mai gine-gine uku tare da motoci 820, manya da matsakaita. Kamfanin da aka miƙa wa ragamar su shi ne Lagos Bus Services Limited, wato LBSL, mai hedikwata a Ilupeju, wanda ya fara aiki a watan Mayun 2019 ya kuma gaji kadarorin LAGBUS. In ana bin salsala, shi ne jikan jikan Zarpas. Motocinsa ba a layin BRT kaɗai suke ba, suna bin hanyoyin gari irin su Oshodi zuwa Obalende da Berger da Ajah, shi ya sa ake ganin shuɗiyar bas maƙale a cunkoso kamar kowa.

Layin da ya fi shafar mutanen Agege da kewaye shi ne na Oshodi zuwa Abule Egba, kusan kilomita 14, wanda Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya buɗe a Agustan 2020. Ya bi ta Ikeja Along, Mangoro, Dopemu, Iyana Ipaja da Ile-Epo. Wanda ya san yadda ake kwashe awa biyu a wannan hanya da yamma ya san abin da layin ya rage. A ranar ne kuma aka ƙaddamar da katin Cowry, wanda ya maye gurbin tikitin takarda. Ka zuba kuɗi a kati, ka taɓa shi a na'ura lokacin hawa. Ga kamfani, ribar katin ita ce kuɗi ya daina bi ta hannun mutane da yawa kafin ya isa asusu.

Wata biyu kacal bayan wannan biki, a tarzomar da ta biyo bayan zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020, aka cinna wa motoci kimanin 80 wuta a tashoshin Oyingbo da Ojodu Berger. Gwamnati ta ƙiyasta asarar a kan naira biliyan 3.9. Yawancinsu sababbi ne fil. Ba wani babba da ya rasa abin hawa a washegari, masu bin layi ne jiransu ya ƙaru. Wani tabon kuma shi ne na Fabrairun 2022, lokacin da wata budurwa ta hau bas da daddare daga yankin Lekki ba ta isa gida ba, daga baya aka tsinci gawarta. Kotu ta yanke wa direban hukuncin kisa a 2025. Lamarin ya girgiza amincin da mutane suka ba motocin, ya kuma tilasta tambayar yadda ake tantance direbobi da sa ido a kan motar da ta tashi aiki.

Ba za mu yi maganar bas ba mu tsallake acaɓa. Dokar hanya ta 2012 ta hana babura bin tituna 475. A Fabrairun 2020 aka hana su a manyan ƙananan hukumomi shida, aka sake tsaurara hanin a Yunin 2022, aka faɗaɗa shi a watan Satumba. Dubban 'yan uwanmu suka rasa sana'a, wasu suka koma gida, wasu suka koma dako da gadi da jari-bola. Hujjar gwamnati ita ce hatsari da tsaro, alƙawarinta kuma shi ne bas za ta cike gurbin. A 2021 ta fito da ƙananan motoci 500 don shiga unguwanni. A ganinmu motoci 500 a garin da ake ƙiyasta mutanensa sun haura miliyan goma sha biyar ba su kama hanyar maye gurbin abin da aka kawar ba, kuma da an buɗe ƙofar horar da tsofaffin 'yan acaɓa su zama direbobi da makanikai a wannan tsari, kamar yadda aka yi wa 'yan molue a 2008, da an rage zafin abin sosai.

Akwai kuma inda tsarin bai dace da rayuwar ɗan kasuwa ba. Bas ɗin an yi ta ne don ma'aikaci mai jaka a hannu. Mai kwandon tumatir ko buhun albasa ba shi da wuri a ciki, kasuwa kuma tana ci tun kafin motar farko ta fito daga gareji. Shi ya sa har yau, a ƙofar Mile 12 ɗin da layin ya faro, danfo da a-kori-kura ne ke kwashe kaya.

Yanzu kamfanonin suna cikin matsin da ya fi na baya. Man dizal da ake saye ƙasa da naira 300 a 2020 ya haura 1,000, dala ta wuce naira 1,500 a 2024. Bayan cire tallafin fetur, Sanwo-Olu ya rage kuɗin bas da rabi daga Agustan 2023, daga baya rangwamen ya koma kashi 25, sannan aka janye shi, a Fabrairun 2025 kuma aka ƙara kashi 18. Ana gwada motoci masu amfani da iskar gas da masu lantarki don a rage dogaro da dizal. Alamar da fasinja zai riƙa dubawa ba yawan motocin da aka jera ranar biki ba ce, tsawon layin Ikorodu ne da ƙarfe bakwai na safe, da kuma ko na'urar sanyi tana aiki a motar da ta shekara biyar.

Jirgin da Jakande ya yi mafarki ya iso daga ƙarshe. Shuɗin layi ya fara ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2 a Satumban 2023, jan layi kuma daga Agbado zuwa Oyingbo a Oktoban 2024, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin, duk da katin Cowry ɗin da ake hawa bas da shi. Mutanenmu na Alaba Rago da Okokomaiko su ne har yanzu ke jira. Kashi na biyu na shuɗin layin, wanda zai bi hanyar Badagry ya iso gare su, ana kan gininsa, kafin ya kammala kuwa daga Mile 2 sai danfo.